Kurar Saje Ba Ta Son Ƙoshi

Ka taɓa ganin abin da yunwa ba ta kayar da shi, sai ƙoshi? Ni na gani. Sau tara abin ya faru: bakwai labari aka ba ni, biyu kuwa ina zaune a ciki, da littafi a cinyata da agogo a hannuna.

Bari in fara da mai abin. Surukina ne, mahaifin matata, a gida Baba muke kiransa. Duk layinmu Saje ake ce masa, ko da yake shi da bakinsa ya gaya mini a igiya biyu ya tsaya, bai taɓa ɗaura ta uku ba. "Jama'a ne suka ƙara mini girma bayan na ajiye kaki," in ji shi, "kuma ba a mayar da hannun kyauta baya." Shekarunsa saba'in da ɗaya. Ashirin da biyu daga ciki a soja ya yi su, amma bai taɓa ɗana wa kowa bindiga ba. Makanike ne, yaƙinsa duk a ƙarƙashin mota ya yi shi. Raunin da ya dawo da shi guda ɗaya ne tak: wata rana taya ta fashe dab da kansa, kunnen hagu ya tafi bai dawo ba. Shi ya sa in Inna, surukata, za ta faɗi abin da take so ya ji, sai ta zagaya dama. In kuwa za ta faɗi gaskiyar abin da ke ranta, hagu take tsayawa.

Da ya bar aiki bai nemi shago ba, bai nemi gadi ba. Ya ji ana gwanjon tsofaffin motocin soja, ya je ya zagaya su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a gaban wata mai taya goma, ya ce ita ya sani, shi ya taɓa sauke mata giya. Ya jawo ta gida ya ajiye a filin da Inna take shanya. Shekara goma sha tara ke nan, har yau Inna a jikin madubin motar take ɗaura igiyarta.

Sunan motar Kura, don ba ta zaɓen abinci. Irin injin nan ne da aka ƙera don lokacin yaƙi, lokacin da ba ka da tabbacin man da za ka samu gobe. Dizal tana sha. Kananzir tana sha. Baƙin man da aka juye daga injin wasu, nan ne ma take lashe baki. Fetur ma tana karɓa in an sirka mata shi da baƙin mai. Saboda haka bayan gidan Baba ya zama kamar ƙaramar matata: duro uku a jere, kowane mai sai ya kwanta mako biyu dattinsa ya sauka, sannan a tace shi ta ƙafar tsohon wando da aka ɗaure bakinta. A gidan nan ba a kyautar da wando. Na taɓa ƙirga su a jikin ƙusa, ƙafa goma sha huɗu, kuma biyu daga ciki na gane su, nawa ne, matata ta ce mini sun ɓace a wanki.

Masu gareji suna kawo masa baƙin mai, masu gidan abinci suna aiko da man suyar da ya gaji. Daga warin hayaƙi za ka san wa ya ciyar da Kura a makon. Makon da ta sha man kifi, kuliyoyi shida na ƙirga suna biye da ita har bakin titi.

Abu ɗaya Baba ya ɗauko daga bariki bai sake shi ba, shi ne fenti. Duk shekara, ranar da ya ajiye aiki, sai ya buɗe gwangwanin koren fenti ya bi Kura da buroshi daga hanci har wutsiya. Ba ya kankare na bara, ɗorawa yake yi. Kuma duk abin da ya tsaya kusa a ranar, ya zama kore: bokitin Inna, kujerar mai gadi, keken maƙwabci. Wata shekara na tsaya ina gaishe shi, gaisuwar suruki kuwa ba a yanke ta, kafin in kai ga tambayar gajiya takalmina na hagu ya shiga soja.

Ni bulo nake bugawa, kuma Kura ce ke kawo mini tsakuwa daga wurin fasa dutse, kilomita ashirin da ɗaya daga gidan. Ina da wata ɗabi'a da ba na jin kunyarta: komai na gani sai na ƙirga shi na rubuta. Taku ɗari uku da tara ne daga ƙofata zuwa ta Baba. Shi ya sa yake kirana Akawu. Ba yabo ba ne, amma na karɓa.

Wata biyu da suka wuce Kura ta fara sabon hali. Tana cikin tafiya lafiya lau sai ta fara tari, ƙarfi ya ragu, ta yi shiru a gefen hanya. Baba ya sauko ya yi mata 'yan dabarunsa, ta tashi. Wani zubin ta kai shi ta dawo, wani zubin ta sake kwanciya. Sau bakwai. A na bakwai batir ya ƙare wajen tayarwa, wayarsa kuma tana gida a aljihun wata riga, sai dattijon nan ya tako kilomita tara da tsakar rana.

Matata ita ce 'yarsa ta fari, ma'aikaciyar jinya ce, kowa Sista yake ce mata har shi uban. Da yamma ta same shi a falo, ta naɗa masa abin awon jini a dantse. Ni ina bakin ƙofa a kan ƙaramar kujera.

"Ɗari da tamanin a kan ɗari da biyar," ta ce.

"Na'urar ce ta lalace," in ji Baba. "Kawo in buɗe ta."

"Baba, ba na'ura ba ce. Motar nan za ta kashe ka a bakin hanya, mu zo muna tambayar masu tallan lemo ko sun ga wani tsoho."

"Wane tsoho?"

"Na yi magana da Mai Sikeli."

Mai Sikeli shi ne mai sayen tsofaffin ƙarafa a ƙarshen layi, wanda ke yanka mota da wuta ya auna ta gunduwa-gunduwa. Shekara da shekaru yana wucewa ta gaban Kura yana haɗiyar yawu.

Inna ta zagaya hagu ta ce, "Da na samu filin shanyata." Sannan ta zagayo dama ta ce, "Malam, ka saurari yarinyar nan."

Aka yi ta ja. Daga ƙarshe aka tsaya a kan sharaɗi. Ranar Asabar Kura za ta je wurin fasa dutse ta ɗauko kaya ta dawo, Sista na ciki. Ita Sista ta ce mutuwa ɗaya, magana ta ƙare. Baba ya ce ko a bariki sai an yi wa mutum gargaɗi biyu kafin a kore shi. Aka daidaita a kan uku: in ta mutu sau uku, Mai Sikeli ya zo da wutarsa, Baba kuma ya zauna a gida.

"Wa zai ƙirga?" in ji Baba.

Duk suka juyo suka dube ni. Ka ga inda tsautsayi ya kai ni: matata a dama, surukina a hagu, ni a tsakiya da biro.

Sista ta miƙa hannu ta ce a ba ta makulli kafin Asabar. Baba ya yi dariyar farko a ranar. Motar soja ba ta da makulli, maɓalli ne kawai kake murɗawa, don ba a son a shiga yaƙi ana neman wanda ya tafi da makulli a aljihu. Sista ba ta yi gardama ba. Ta fita ta dawo da sarƙa da kwaɗo, ta ɗaure sitiyari da ƙafar kujera. Inji zai tashi, amma mota ba za ta bar fili ba.

Kwana biyar muke da su. Na bar wa ma'aikatana bulo na koma gidan Baba da sabon littafi.

Ranar farko ya tsayar da ni a gefen mota ya yi mini darasi da sifana a hannu. "Akawu, buɗe kunnenka, tunda kai biyu gare ka. Mai kafin ya isa inji, shinge biyar yake wucewa. Famfo na cikin tanki ya turo shi. Filta ta ƙasa ta tare dattin farko. Ƙaramin famfo ya ƙara masa ƙarfi. Filta biyu na sama su ƙara tacewa. Sannan babban famfo ya raba wa kowace silinda rabonta. In matsin mai ya faɗi, ɗayan uku ne: ko mai turawa ya gaji, ko hanya ta toshe, ko ɓarawo ya shigo. Ɓarawon kuwa iska ce."

Ya ɗauko wani geji mai fuskar agogo, ya haɗa shi bayan filtocin sama da dogon tiyo har cikin gaban mota, ya ce aikina in zuba wa allurar ido. Muka sauke filtoci. A ta ƙasa muka samu laka cikin kofi ɗaya da rabi, zaren wando, da ƙayar kifi guda biyu. Baba ya ɗaga ƙayar sama kamar ya kama ɓarawo da hannu. Muka sa sababbi. Allura ta hau arba'in ta zauna daram.

Rana ta biyu famfon tanki. Ya sa na manna kunne a jikin tanki in ji ko yana gurnani. Yana yi. Ya kwance tiyo ya sa a galan, na riƙe agogo: lita huɗu cikin daƙiƙa hamsin. "Wannan ya fi ni lafiya," in ji shi.

Rana ta uku neman ɓarawo. Ya yanka tiyo mai nuna ciki ya sa a hanyar mai, ya ce in ƙirga kumfa. Na tsuguna minti ashirin ina kallon baƙin mai yana wucewa. Ko ɗaya. Ban taɓa jin haushin sifili irin na ranar ba.

Mai Sikeli kuwa kullum sai ya biyo. Ya tsaya ya ƙwanƙwasa ƙofar mota da ɗan yatsa, ya karkata kai yana saurare.

"Saje, ina kwana? Ya mai jiki?"

"Tana gaishe ka. Ta ce ita za ta kai gawarka."

"Allah ya ba ta lafiya. Tan shida da rabi, ban da taya." Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai kuma kilo sittin da takwas, da takalmi."

Na je na hau sikeli daga baya. Sittin da takwas. Daga ranar na fara jin tsoron mutumin.

Rana ta huɗu Baba ya kwance ɗan bawul ɗin da ke mayar da rarar mai tanki, ya wanke, ya gwada sifirin ɗinsa da yatsa, ya mayar. Rana ta biyar muka bar inji yana aiki awa uku cur a fili. Allura ko gezau. Duk kwanakin nan murfin tanki yana rataye a 'yar sarƙarsa yana lilo, don Baba ba ya minti goma bai zura sandar awo a tankin ba.

A tsakanin aiki na yi ta yi masa tambaya kan mutuwa bakwai ɗin, don ba na son layi ba cikawa a littafina. Abin mamaki, yana riƙe da komai: inda ta tsaya, minti nawa da tashi, da inda mai ya kai a jikin sanda. Har tafiye-tafiyen da ba ta mutu ba na rubuta. Na ja layi na jera lambobi tsaf. Sun yi kyau ƙwarai. Ban fahimci komai a cikinsu ba.

Asabar da safe Baba ya fito da tsohuwar hularsa ta kaki. Ya cika tanki har mai ya leƙo baki. Na ce, "Baba, ai rabi ma zai kai mu ya dawo da mu sau biyu."

"Soja ba ya fita da rabin tanki. Balle yau."

Ya murɗa murfin da hannu biyu har sai da ya yi ƙara. Ya ɗora jarka cike a baya. Sista ta buɗe kwaɗonta ta hau tsakiya da jakar aikinta, ni a bakin ƙofa da geji a gabana. Mai Sikeli ya biyo mu a babur, wai iska yake sha.

Muka hau titi. Allura ta haura hamsin da biyar. Minti biyar, lafiya. Minti takwas, hamsin. Na ce a raina ko idona ne. Minti tara, arba'in.

"Baba, tana sauka."

"Me?"

Ƙarar inji ta cika masa kunnen dama. Sista ta ɗaga murya: "Ya ce tana sauka!"

Talatin. Ashirin. Kura ta yi tari uku, ta yi wata irin ajiyar zuciya, ta gangara gefen hanya ta tsaya. Minti goma sha ɗaya.

"Ɗaya," in ji Sista. Ta dube ni. Na rubuta ɗaya, ƙarama sosai.

Baba ya sauko ya yi abin da ya saba. Ya buɗe tanki, ya zura sanda, ya girgiza kai. Ya ɗauko jarka ya mayar da ɗan abin da ta sha har baki, ya ce kada ta ce yunwa ce. Ya rufe tam. Ya buga wa filta sifana sau uku, ya sassauta noti ya fitar da iska, ya ce mata wata magana a hankali da ba zan rubuta ba. Ta tashi kamar ba ita ba.

"Kun gani?" in ji shi. "Bugun nan take so."

Muka ci gaba. Ina kallon agogo, ina kallon allura. Minti tara ta fara sauka. Minti goma sha ɗaya da daƙiƙa ashirin muna gefen hanya, kusa da wata bishiya, babu gida ko ɗaya a kusa.

"Biyu," in ji Sista. Amma wannan karon a hankali ta faɗa.

Mai Sikeli ya tsayar da babur ɗinsa nesa kaɗan, ya ciro tef ɗin awo yana wasa da shi.

Baba ya sauko, amma bai nufi tanki ba. Ya zauna a kan matakalar mota ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Tunda na shigo gidansu ban taɓa ganin hannunsa ba komai a ciki ba sai ranar. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Shekara arba'in da ɗaya ina gyaran irinta," ya ce. "In na zauna a gida, me zan gyara? Rediyon uwarku?"

Sista ta juya kai tana gyara zip ɗin jakarta, alhali a rufe yake.

Can ya ɗago. "Akawu. Zo ta dama. Karanta mini abin da ka rubuta. Duka. Kada ka tsallake ko ɗigo."

Na tsuguna na fara. "Mutuwa ta farko, tanki cike, minti goma sha biyu. Ta biyu, saura yatsa huɗu ya cika, minti ashirin da shida. Ta uku, saura taƙi guda, minti hamsin. Ta huɗu, cike, goma sha ɗaya. Sauran ukun ma cike, babu wadda ta wuce goma sha biyu. Tafiya shida da ba ta mutu ba, duka tanki rabi ne ko ƙasa da haka."

"Tsaya. Maimaita na ƙarshen."

Na maimaita. Ya ƙura mini ido.

"Wato in na bar ta da yunwa sai ta kai ni. In na ƙosar da ita sai ta kwanta."

"Haka lambobin suka ce, Baba. Ni ban ce ba."

"Ci gaba. Na yau."

"Tashi ƙarfe takwas da minti huɗu. Tari uku. Tsayawa. Buɗe tanki, huci daƙiƙa huɗu. Zura sanda sau biyu. Bugun filta sau..."

"Hucin me?"

"Na tanki, Baba. Da kuka buɗe murfi ya yi fuuu."

"Ni ban ji wani fuuu ba."

Sista ta leƙo ta taga. "Da wane kunne kake tsayawa in za ka buɗe?"

Duk mun san amsar. Tankin yana gefen da dole ya ba shi hagu.

Baba ya miƙe kamar an tsikare shi. "Hucin nan, fita yake ko shiga?"

"Wallahi tsawonsa kawai na ƙirga."

"Akawun banza! Yago mini takarda."

Na yago rabin shafi, raina yana ciwo. Ya ce in riƙe ta dab da bakin tanki. Ya kama murfin ya murɗa a hankali. Sai ga fuuu, takardar ta fizge daga yatsuna ta manne a bakin tankin, tankin kansa ya yi ƙwam kamar an saki cikin da aka ɗaure.

Baba ya dafe kai. "Numfashi! Ba ta numfashi!"

Ya juyo yana yi mana bayani da hannu biyu, har da Mai Sikeli da ya matso. Duk man da inji ya sha daga tanki, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. In ba ta samu hanya ba, tankin sai ya riƙa ja da baya, famfo na ja gaba, har famfo ya gaji matsi ya faɗi. In tanki rabi ne, akwai iska mai yawa a sama, za a daɗe ba a ji ba. In cike yake, iskar ba ta fi tafin hannu ba, minti goma ta ƙare. Ba bugun filta ke tayar da ita ba, buɗe murfin ne. Shi kuma duk ta mutu sai ya ƙara cika ta, ya mayar da ita inda ta fara. A fili kuwa ba ta taɓa mutuwa ba, don murfin yana rataye a sarƙa.

"To ta ina take numfashi da?" na tambaya.

Ya juya murfin a hannunsa. Kore ne sumul, kamar an lulluɓe shi da fata. "Akwai ɗan rami a nan. Da akwai." Ya ciro wuƙa ya fara kankara. Na matso na zuba ido, don yanka ta nuna fentin hawa-hawa, wani mai duhu, wani mai haske, na shekarar da ya sirka da kananzir, na shekarar takalmina.

"Goma sha tara, Baba."

"Ban tambaye ka ba."

"Amma in fenti ne," in ji Sista, "ai ya daɗe da toshewa. Me ya sa sai wata biyun nan?"

Baba ya kifa murfin ya nuna mata cikinsa. Wata sabuwar roba baƙa ce a zagaye, an yanko ta daga tubun taya, ta zauna ɗas. "Tsohuwar robar ta tsage, ta nan take satar numfashi shekara da shekaru. Sai wata ma'aikaciyar asibiti ta zo ta ce warin mai ne ke sa ni tari, ta tsaya a kaina sai da na yanka sabuwa."

Sista ta ƙura wa robar ido. Ni kuwa na sunkuyar da kai cikin littafi, don duk wanda na kalla a cikinsu na yi laifi.

Ramin ya bayyana, ɗan ƙarami kamar ƙwayar gero, amma fenti ya daskare a ciki. Bakin wuƙa ya yi masa kauri. Waya ta lanƙwashe. Baba ya laluba aljihu bai sami komai ba. Sai muka ji zip. Sista ta sauko, ta ɓare sabuwar allura daga leda, ta karɓi murfin.

"Riƙe mini shi da kyau," ta ce wa ubanta. "Kada ya motsa."

Ta soka sau ɗaya, ta juya, ta zaro. Wani ɗan koren tsinke ya faɗo a tafin hannunta. Baba ya ɗaga murfin sama, rana ta leƙo ta ramin ta sauka a kan hancinsa.

"Hannunki da sauƙi," ya ce. "Ko kuka bai yi ba."

Na ce tunda saura mutuwa ɗaya, a bar tankin yadda yake, kada a ƙara. Baba ya dube ni kamar na zagi kakinsa. Ya ɗauko jarka ya cika har baki, ya murɗa murfin da hannu biyu. "In gyara ne, ya zama gyara. In ba gyara ba ne, ga mai wuta nan."

Muka tashi. Minti tara, hamsin da biyar. Minti goma sha ɗaya, na daina numfashi ni ma. Goma sha biyu. Goma sha biyar. Allurar geji tana nan kamar an zana ta. Muka hau gangaren wurin fasa dutse, aka loda mana tsakuwa, muka juyo. Har muka shigo layi ina ganin ƙafar Sista tana taka totur ɗin da babu shi a duk hawa. Kilomita arba'in da biyu, mutuwa biyu, saura ɗaya ba a taɓa ba.

Inna tana bakin ƙofa da kwandon wanki. Ta dubi Kura, ta dubi mijinta yana saukowa yana gyara hula, ta zagaya hagu ta ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ta zagayo dama ta ce, "Ka tsaya mini a kan igiya."

Mai Sikeli bai tafi hannu rabbana ba. Baba ya tattara masa tsofaffin filtoci uku a leda. Ya ɗaga ledar sau ɗaya ya ce, "Kilo biyu da kwata. Saje, ina nan dai. Ƙarfe ba ya ruɓewa, ni kuma ba na gaggawa."

Sharaɗi sharaɗi ne, Kura ta zauna. Sista ta ƙara nata guda biyu: ƙwayar hawan jini kowace safiya a gaban Inna, da waya a aljihun rigar da ke jikinsa, ba wadda ke rataye ba. Kwaɗon kuma ba ta mayar da shi gida ba. Yana nan a jikin akwatin da Baba ke ajiye fenti da buroshi, makullin yana jakarta. Ya ce zalunci ne. Ta ce in ranar fenti ta zo za ta buɗe masa, amma murfin tanki a aljihunta zai wuni.

Yanzu in masu gyara suka kawo masa mota mai mutuwa a hanya, kafin ya taɓa sifana sai ya ce a buɗe tanki a saurara. Yana kuma gaya musu tun ranar farko ya zargi murfin, so yake ya ga ko Akawu zai gano. Na ƙirga, ya faɗi haka sau goma sha bakwai. Ban musa ba ko sau ɗaya.

In kana ganin ƙaramin rami bai isa ya kayar da mota mai taya goma ba, ba sai ka nemi Kura ba. Gobe da safe ɗauki gwangwanin madara, ka huda shi wuri ɗaya kawai, ka kifa a kofi, ka ƙirga daƙiƙa nawa zai yi yana ɗiga yana shaƙewa. Sannan ka yi masa huda ta biyu a ɗaya gefen ka sake ƙirgawa. Nawa ya ba ni arba'in da ɗaya, sannan tara. Don Allah gwada naka, ka rubuta lambar.